Nahawu a Ajin Baƙon Harshe: Yaushe Ake Kawo Ƙa'ida, Kuma ta Wace Ƙofa?

Akwai mutum biyu da kusan kowa ya taɓa cin karo da su. Na farko ya yi shekaru a gaban malam, ya sauke Ajrumiyya, ya haddace baitoci masu yawa na Alfiyya, in ka ajiye masa aya zai yi maka li'irabinta kalma bayan kalma ba tuntuɓe. Amma ranar da ya sauka a filin jirgin Jidda ma'aikaci ya yi masa tambaya, ko da da Larabcin littafi ne, sai harshe ya ɗaure. Na biyu direba ne ko ɗan kasuwa da ya daɗe yana zirga-zirga tsakanin Kano da Kwatano. Faransanci zuba yake yi a bakinsa, da shi yake ciniki, da shi yake jayayya da jami'an kan iyaka, har barkwanci yana yi. Miƙa masa biro ka ce ya rubuta takardar neman aiki, sai a rasa kan jimla da gindinta.

Duk su biyun sun koyi harshe, kuma abin da wannan ya rasa yana hannun wancan. Gardamar da masana koyar da harsuna suka fi shekara 100 suna tafkawa a kan nahawu, tsakanin mutanen nan biyu take kai-kawo. Wasu sun ce a fara da ƙa'ida, magana za ta biyo baya. Wasu sun ce a bar ɗalibi ya yi ta ji yana faɗa, ƙa'ida za ta shiga da kanta. A nawa ganin, tambayar a koyar da nahawu ko kada a koyar ta daɗe da samun amsa: a koyar. Inda aikin yake shi ne wace ƙa'ida za a kawo, a wane lokaci, kuma me ɗalibi zai yi da ita da zarar malam ya goge allo.

Tun kafin Turawa su shiga wannan muhawara, Ibn Khaldun, wanda ya rasu a Alƙahira a 1406, ya riga ya taɓo jijiyar maganar a Muƙaddimarsa. A wurinsa iya harshe ƙwarewa ce da ke zama jiki ta hanyar yawan ji da yawan maimaitawa, sanin ƙa'idojin nahawu kuwa ilimi ne a kan yadda ake yin abin. Ya buga misali da mutumin da zai yi maka bayanin ɗinki dalla-dalla, yadda ake zura zare a allura, yadda ake haɗa bakin ƙyalle biyu, amma in ka ba shi allurar ya kasa taɓuka komai. Ya ce da yawa daga masana nahawu, in aka nemi su rubuta layi biyu zuwa ga ɗan'uwa ko su shigar da ƙorafi, sai su cika takardar da kurakurai. Maganin da ya bayar shi ne mai koyo ya haddace zance mai kyau da yawa, Alƙur'ani da hadisi da waƙoƙi da zantukan Larabawa, sannan ya riƙa gina nasa zancen a kan wannan salo.

A Turai, hanyar da ta mamaye makarantu a ƙarni na 19 ita ce ta nahawu da fassara. An gado ta daga yadda ake koyar da Latin da tsohon Girkanci, harsunan da babu mai ciniki da su a kasuwa, kuma ta yi ƙarfi ƙwarai a makarantun Jamus. Darasi yakan fara da ƙa'ida, sai jerin kalmomi da ma'anoninsu, sai jimlolin da za a fassara daga harshen gida zuwa baƙon harshe da kuma akasin haka. Jimlolin nan an ƙera su ne don su ɗauki ƙa'idar, irin su "Zaidu ya bugi Amru" da duk ɗalibin nahawun Larabci ya sani.

Yau an saba yi wa wannan hanya kallon tsohon yayi, amma ba a yi mata adalci in ba a tambayi abin da take son cimmawa ba. Dubi makarantar zaure. Almajirin ilimi ba da nahawu yake farawa ba. Yakan fara da ƙananan littattafan fiƙihu, Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ya kai Risala, malam na karantawa yana fassara masa kalma-kalma da Hausa, shi kuma yana biyawa. Kafin ya buɗe Ajrumiyya, kunnensa da idonsa sun sha Larabci na shekaru, ga kuma Alƙur'ani da ya fara tun yana ƙarami. Don haka ranar da aka ce masa fa'ili rufu'a yake ɗauka, suna kawai aka raɗa wa abin da ya riga ya gani ba adadi. Wannan tsari ne ya fitar da malamai irin su Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya wallafa littattafai a nahawu da sarfu cikin waƙe. Burin tsarin shi ne a karanta littafi a kuma rubuta littafi, kuma ya biya wannan buƙata. Hira ce bai yi wa kowa alkawarinta ba. Ɓarna tana zuwa ne idan aka tsinke ɓangaren ƙa'idar shi kaɗai aka kai shi ajin da yaro bai sha komai na harshen ba tukuna, aka fara masa da ma'anar suna da aikatau da rabe-raben jimla, alhali ba zai iya cewa yana jin ƙishirwa ba.

Wanda ya fi kowa bayyana wannan ciwo a Turai shi ne wani malamin Latin ɗan Faransa, François Gouin. Ya tafi Hamburg don koyon Jamusanci, ya kulle kansa a ɗaki ya haddace littafin nahawu da jerin aikatau marasa bin ƙa'ida, ya fito ya shiga zauren lacca, bai tsinci ko kalma ba. Ya koma ya haddace saiwoyin kalmomi, daga baya ya rungumi ƙamus ɗungurungum, duk ba ta sauya zane ba. Da ya dawo gida sai ya tarar da ɗan ɗan'uwansa mai shekara 3 yana zuba Faransanci ba tare da ya taɓa riƙe littafi ba. Wannan ne ya sa ya rubuta littafinsa na 1880 a kan koyar da harshe. A 1882 kuma Wilhelm Viëtor ya fitar da ƙasida a Jamus yana kira da a juya akalar koyar da harsuna baki ɗaya: magana ta riga rubutu, a yi aiki da zance mai ma'ana, ɗalibi ya tsamo ƙa'ida daga misalai. Makarantun koyar da harsuna na Berlitz, da suka fara a Amurka a 1878, sun kai abin maƙura, don ba sa yarda a furta harshen ɗalibi a cikin aji ko kaɗan. Waɗanda suka yi makarantun da ake cin tarar yaro don ya yi Hausa a aji sun ɗanɗani wani nau'i na wannan ra'ayi.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojan Amurka ta buƙaci mutanen da za su iya harsunan ƙasashe da dama cikin gaggawa, sai aka shirya musu horo mai tsanani a jami'o'i. Daga nan aka samo hanyar atisayen baki da ta cika makarantu a shekarun 1950 da 1960. Malam ya faɗi jimla, aji ya amsa baki ɗaya, ya sauya kalma ɗaya, aji ya sake amsawa. Ra'ayin da ke ƙarƙashinta shi ne harshe ɗabi'a ce da maimaici ke ginawa, kuskure kuma mummunar ɗabi'a ce da za a tare tun kafin ta kafu. Abin da aka manta shi ne sojojin nan zaɓaɓɓu ne, a ƙananan rukunai, suna shafe sa'o'i masu yawa kullum tare da masu harshen. Ɗan makaranta bai da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Sannan a 1959 masanin harshe Noam Chomsky ya soki ginshiƙin ra'ayin: yaro yana faɗin abin da bai taɓa ji ba. Ɗan Bature kan ce "goed" a maimakon "went", kalmar da babu babban da ya taɓa faɗa masa, wanda ke nuna cewa ƙwaƙwalwarsa ƙa'ida take ginawa da kanta.

Daga shekarun 1970 iska ta juya zuwa ga sadarwa, wato a koyar da harshe don a yi amfani da shi: gaisuwa, neman izini, ba da haƙuri, tambayar hanya. Stephen Krashen, wani masanin koyon harshe, a farkon shekarun 1980, shi ne ya fi kowa tsananta wa nahawu. Ya raba ɗaukar harshe ba da sani ba, yadda yaro ke yi, da koyonsa da gangan a aji, ya kuma ce na biyun ba ya rikiɗa ya zama na farko. Ƙa'idar da aka haddace, a cewarsa, aikinta kawai ta duba abin da mutum ya riga ya shirya faɗa ta gyara, shi ma sai in yana da lokacin tunani. Abin da ke gina harshe shi ne yawan ji da karanta zancen da ake ganewa, wanda ya ɗan ɗara matakin mai koyo. Rabin maganarsa gaskiya ce da ba a musunta ta: babu wanda ya taɓa iya harshe ba tare da ya sha shi da yawa ba, kuma mafi yawan azuzuwanmu a nan suka gaza.

Ɗaya rabin kuwa, Kanada ce ta gwada shi. A 1965, a garin St. Lambert kusa da Montreal, wasu iyaye masu Turanci suka matsa aka buɗe ajin da ake koyar da 'ya'yansu komai da Faransanci tun daga rabin aji. Tsarin ya yaɗu, yara suka shafe shekaru suna lissafi da kimiyya da tarihi da Faransanci. In dai yawan ji ya wadatar, to waɗannan sun ji iya ji. Da masu bincike suka auna su, sai aka tarar a fahimtar magana da karatu sun yi kusa da 'ya'yan masu harshen, amma a magana da rubutu suna ta maimaita kurakurai a jinsin suna da ƙarshen aikatau, har da bambanta "tu" (kai, na sabo) da "vous" (ku, na girmamawa), wanda a Faransanci magana ce ta ladabi. Merrill Swain, ɗaya daga masu binciken, a 1985 ta bayyana dalili: kunne na iya cafke ma'ana ba tare da ya kula da ƙarshen kalma ba. Sai mutum ya zo faɗa ko rubutawa, aka kuma matsa masa ya faɗa daidai, sannan yake gane inda giɓinsa yake. Yaran kuwa suna fahimtar juna da kurakuransu, malam ma yana fahimtarsu, babu abin da ya tilasta musu gyara.

Wani masanin harshe, Richard Schmidt, ya ƙara wani abu daga kansa. Ya yi wasu watanni a Burazil yana koyon harshen Fotugal, yana rubuta abin da ya lura da shi kullum, ana kuma naɗar maganarsa. Da aka kwatanta rubutun da naɗin, sai aka ga siffofin nahawu, wato gine-ginen kalma da jimla, da suka shiga bakinsa galibi su ne waɗanda ya lura da su, yawanci bayan an koya masa su a aji sannan ya ji su a titi. Wasu kuwa sun yi ta wucewa ta kunnensa ba su shiga ba. A 1990 ya fitar da ra'ayinsa cewa sai an lura da siffa kafin a ɗauke ta. A nan ne nahawu ya sami aikinsa na gaskiya: yana buɗe wa ɗalibi ido ya ga abin da da ma yake gabansa. Michael Long, a 1991, ya bambanta manhajar da ke jera ƙa'idoji ɗaya bayan ɗaya, wannan mako kaza mako mai zuwa kaza, da darasin da ke tafiya a kan ma'ana, malam ya ɗan tsaya inda ɗalibai suka yi tuntuɓe ya haska musu siffar, sannan a ci gaba.

A 2000, John Norris da Lourdes Ortega suka tattara bincike 49 suka auna su tare. Sakamakon ya nuna koyarwa tana da tasiri, kuma wadda ake bayyana ƙa'ida a fili ta fi wadda ake barin ɗalibi ya laluba cikin duhu. Su da kansu sun ja hankali cewa yawancin gwaje-gwajen da aka yi amfani da su irin na cike gurbi ne da zaɓen amsa, waɗanda ta halitta suke fifita wanda ya san ƙa'ida. Don haka binciken hujja ce ga bayyana ƙa'ida, amma bai isa hujja ga wanda ke cinye minti 40 yana rubuta ta a allo ba.

Akwai kuma maganar lokaci, wadda malamai suka fi yin sakaci da ita. Bincike tun daga shekarun 1970 ya nuna masu koyon harshe suna bin matakai iri ɗaya wajen ɗaukar wasu siffofi, ko da wane tsari littafi ya bi. Ɗauki harafin "s" da Turanci ke liƙa wa aikatau in ana maganar shi ko ita. Babu ƙa'idar da ta fi ta sauƙin faɗi, shi ya sa ake koyar da ita a zangon farko. Yaro ya cinye ta a jarrabawa, amma ya kai jami'a yana cewa "she go", domin tana cikin siffofin da ke makara wajen zama a baki. Manfred Pienemann ya gwada wannan a 1984 da yara 'yan Italiya masu koyon Jamusanci. An koya musu wata ƙa'ida ta tsarin kalmomi, duka suka iya ta a aji, amma waɗanda suka riga suka kai matakin da ke dab da ita ne kaɗai suka fara amfani da ita a maganarsu. Malamin da ya san wannan ba zai ɗauki kuskuren da ke dawowa a matsayin taurin kai ba, kuma ba zai ce ya gama da wata ƙa'ida don ya koyar da ita sau ɗaya ba. Dole ta riƙa dawowa zango bayan zango, a labari, a wasiƙa, a hira.

To ta wace ƙofa ƙa'idar za ta shigo? Ko dai malam ya faɗe ta ya biyo da misalai, ko ya jera misalai ya bar ɗalibai su tsamo ta. Hanya ta biyu ba baƙuwa ba ce a wurinmu, don a kanta Ali al-Jarim da Mustafa Amin na Masar suka gina Nahwul Wadih da ake karantawa a Islamiyyu da yawa: misalai, sai tattaunawa a kansu, sai ƙa'ida, sai aikin gwaji. Abin takaici shi ne sau da yawa ana tsallake misalan a tafi kai tsaye ga haddace ƙa'idar.

Ga yadda take in an bi ta. Malama ta rubuta jimloli biyar a allo: ha'ula'i ɗullabun, ha'ula'i mu'allimuna, hazihi kutubun, hazihi buyutun, hazihi aƙlamun. Ta karanta, ta tabbatar kowa ya san ma'anar ɗalibai da malamai da littattafai da gidaje da alƙaluma, sannan ta yi shiru. Can wata yarinya ta ɗaga hannu.

"Malama, ai hazihi na mace ɗaya ne. Ya aka yi ya hau kan littattafai?"

"Madalla. To duba min, ha'ula'i kan su wa ya hau?"

"Kan mutane, Malama."

"Hazihi fa?"

"Kan kaya."

A nan malama za ta faɗi ƙa'idar a jimla ɗaya: a Larabci jam'in abin da ba mai hankali ba ana ɗaukarsa kamar mace tilo. Sai ta ce kowa ya juya ga na kusa da shi, ya buɗe jakarsa ya faɗi abin da ke ciki, ya leƙa taga ya faɗi abin da ya hango, awaki ne ko yara ko motoci. Tambayar da yarinyar nan ta yi ita ce lurar da Schmidt yake magana a kai, kuma ƙa'idar da ta zo amsar tambaya ta fi zama a kai. Amma hanyar tana cin lokaci, kuma ba kowace ƙa'ida ce ta cancanci wannan zagaye ba. Jerin aikatau na Faransanci da ke ɗaukar kalmar taimako "être" a shuɗaɗɗen lokaci, gara a ba da shi kai tsaye a tafi ga amfani. Babba kuma, musamman wanda ya riga ya yi nahawun wani harshe, yakan fi son a gaya masa ƙa'ida a taƙaice ya wuce.

Wace ƙa'ida ta cancanci lokaci mai yawa, wannan harshen ɗalibi ne ke faɗa. Yawancin littattafan da muke amfani da su ba don Bahaushe aka rubuta su ba. Mai Turanci yana buƙatar darasi guda don ya saba da anta da anti, Bahaushe kuwa da kai da ke ya tashi. Rana mace ce wata namiji a Hausa, haka ma a Larabci, amma Faransanci ya juya su, don haka can ne za a tsaya. "Na ci" guda ɗaya ta Hausa tana ɗaukar abin da Turanci ya raba biyu, "I ate" da "I have eaten", kuma wannan bambanci ba ya shiga da ji kawai, sai an nuna shi an kuma yi ta dawowa kansa.

Misali mafi nauyi shi ne tsarin kalmomi. A Hausa wanda ya yi aiki shi ke zuwa farko, wanda aka yi wa ya zo bayan aikatau, kuma masu koyon harshe ko'ina sukan ɗauki sunan da ya fara zuwa a matsayin mai aikin. Larabci kuwa wasalin ƙarshen kalma ne ke nuna wannan. A Suratu Faɗir, aya ta 28, sunan Allah ya zo kafin kalmar malamai, amma yana ɗauke da fataha, malamai kuma da rufu'a, don haka ma'anar ita ce malamai ne ke tsoron Allah. Wanda ya bi tsarin Hausa ya yi watsi da wasali zai juya ma'anar baki ɗaya. Duk mai cewa nahawu ado ne kawai ya tsaya a kan wannan aya. Bill VanPatten ya gina wata dabarar koyarwa a kan irin wannan matsala: a ba ɗalibi jimlolin da ba zai iya gane su ba sai ya dubi siffar, a ce ya nuna hoton da ya dace, wa ya bugi wa, kafin ma a nemi ya furta komai.

Gyaran kuskure shi ma koyar da nahawu ne, wataƙila ma shi ya fi yawa a rayuwar aji. Roy Lyster da Leila Ranta sun nazarci azuzuwan Faransanci a yankin Montreal, suka wallafa a 1997. Sun tarar fiye da rabin gyaran da malamai ke yi shi ne maimaita maganar ɗalibi a gyare, kuma wannan ne ya fi ƙarancin sa ɗalibi ya gyara da bakinsa. Yaro ya ce "Yesterday I go to market." Malam ya ce "You went to the market, good." Yaron ya ji an yaba masa ya zauna, bai san an sauya komai ba. Da malam ya ce "Yesterday I..." ya ɗaga gira ya jira, da yaron ya lalubo "went" da kansa, in dai an taɓa koya masa. In ba a taɓa ba, to ba shi za a yi. A rubutu ma haka: takardar da aka jiƙa da jan biro daga sama har ƙasa, yaro maki kawai yake dubawa ya ninke ta. Gara a zaɓi nau'in kuskure ɗaya ko biyu a ja layi, a mayar masa ya gyara da hannunsa.

Harshen gida fa? Ina tare da masu cewa a yi amfani da shi, da awo. Bayanin minti 2 da Hausa kan warware abin da malam zai yi minti 20 yana zagaye da alamun hannu. Haɗarin yana ɗaya gefen, inda darasin Turanci ko Larabci ke komawa lacca da Hausa a kan harshen, yaro ya fita bai ji cikakkun jimloli goma na harshen da ya zo koya ba. Gaisuwa, umarni, labari, tambaya da amsa, duk da baƙon harshen za a yi su. Hausa ta shigo inda aka cije, ta fita.

Duk wannan sai an auna shi da halin da aji yake ciki. Ɗalibin Faransanci a Katsina ko na Turanci a Damagaram yana samun 'yan darussa ne a mako, in ya fita kuma ba ya jin harshen a gida ko a kasuwa. Yawan jin da Krashen ya dogara da shi babu shi a nan, shi ya sa ƙa'idar da aka bayyana a fili take da daraja: tana taƙaita tafiyar da ji kaɗai zai ɗauki shekaru. Amma wannan ƙarancin ne kuma ya sa bai kamata ƙa'ida ta cinye ɗan lokacin da ake da shi ba. Don cike wannan giɓi aka kafa ƙauyen Faransanci a Badagry da ƙauyen Larabci a Ngala a farkon shekarun 1990, domin ɗaliban jami'a su riƙa zuwa su zauna cikin harshen. Ɗan sakandare bai da wannan dama, abin da zai maye masa gurbinta shi ne ƙananan littattafan labarai masu sauƙi da rediyo da abin da wayar hannu ke iya kawowa.

Yawan ɗalibai ma ba ya hana aiki kamar yadda ake zato. N. S. Prabhu ya gudanar da gwaji a kudancin Indiya daga 1979 zuwa 1984, a makarantun da ba su da kayan aiki, inda yara ke warware matsaloli da Turanci, kamar karanta jadawalin jirgin ƙasa ko bin taswira. Akwai kuma wata dabara da alli kawai take buƙata. Malam ya karanta ɗan gajeren labari mai jimla biyar ko shida sau biyu, da saurin magana na yau da kullum, yadda ba wanda zai iya rubuta shi duka kamar shifta. Kowa ya tsinci abin da ya iya, sannan su haɗu uku-uku su sake gina labarin. Nan za ka ji gardama ta tashi a benci: wannan ya ce "went" aka ce, wancan ya ce "has gone" ya ji, na ukun ya ce ai an ambaci jiya, don haka na farkon ne. Nahawu suke tattaunawa, kuma buƙata ce ta kai su. A ƙarshe malam ya rubuta asalin labarin a allo su kwatanta da nasu.

Abu biyu ne ke hana irin wannan yaɗuwa, kuma ba malamin aji ne ke riƙe da su ba. Na farko, malamin da shi kansa harshen bai zauna a bakinsa ba zai fake a bayan ƙa'ida, domin ita ce wurin da ba za a kama shi da kuskure ba. Wannan ba abin zargi ba ne, haka aka horar da shi, kuma gyaransa yana kwalejojin ilimi, inda ya kamata a ba ƙwarewar malami a harshen muhimmancin da ake ba darussan hanyoyin koyarwa. Na biyu jarrabawa. JAMB zaɓen amsa ce daga farko har ƙarshe, a WAEC da NECO kuma har sashen furucin Turanci ba da baki ake amsa shi ba, ɗalibi na zaɓen kalmar da sautinta ya yi daidai da wata ba tare da ya buɗe baki ba. Iyaye da shugaban makaranta sakamako suke tambaya, malam kuma abin da za a ba maki yake koyarwa. Da za a ware ko kashi kaɗan na makin ga sauraro da magana ta gaske, da malamin aji shida na sakandare ya nemo wa hira gurbi a jadawalinsa tun kafin wani ya umarce shi.